Bashin mota na shekara shida: laccar da aka gabatar ga matasan ma'aikata

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa a kan cin bashin mota.

Na farko, tsawon wa'adi. Dila ba ya tambayar abin da ke hannunka, cewa zai yi, "Alhaji, nawa za ka iya biya duk wata?" Ko ba ka taɓa zuwa Makka ba, ranar kai Alhaji ne! A Amurka da wannan tambayar aka kai mutane bashin wata 72, har 84. Shekara bakwai ke nan a kan mota ɗaya.

Ku ɗauko biro. A ce ka ci bashin naira miliyan 10, ruwa kashi 30 cikin 100 a shekara. Kada ku ce na yi yawa, Babban Bankin Najeriya kansa ya kai nasa ma'aunin kuɗin ruwan kashi 27.5 a ƙarshen 2024. In za ka biya cikin shekara 3, kusan dubu 425 ne duk wata, jimla miliyan 15 da 'yan kai. In ka ja shi zuwa shekara 6, sai ya sauko wajen dubu 301. Sauƙi ko? To jimlar ta haura miliyan 21 da rabi. Ku sake ji, miliyan 21 da rabi! Ruwan kaɗai ya fi uwar kuɗin. Kuma a shekarun farko yawancin abin da kake zubawa ruwa ne, bashin na nan kusan yadda yake. Wannan ne ke ci mini rai, wallahi.

Na biyu, inshora da mai, kun san su. Sai na huɗu, au, na uku... Na'am, Hajiya?

Tana cewa ai a nan mota tsada take ƙarawa. Gaskiyarki, Hajiya. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, masu mota sun ga kamar riba. Amma albashinki ya ninka uku? Sannan abin da muke saye 'yar Kwatano ce, ta riga ta sha hanya. Shekara ta huɗu giya ta lalace, mota na wajen bakanike, banki na cirar nasa. Ko murabaha kika yi a bankin Musulunci don gudun riba, wato banki ya sayi motar ya sayar miki da ƙari kina biya kaɗan-kaɗan, ki sa su rubuta miki jimlar shekara 3 da ta shekara 6 a takarda ɗaya kafin ki sa hannu.