Sharhi: Yarinya ta iya girki a gida, ta je jarrabawar girki ta faɗi, laifin wa?

Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk shekarar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, abin da kowa ke tambaya shi ne mutum nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, shi jaridu ke bugawa, shi gwamnoni ke alfahari da shi ko su ɓoye fuska. To amma akwai wani darasi da ba a cika ɗaga takarda a duba shi ba, wato darasin kula da gida, wanda yaranmu ke kira hom ikonomiks. A ƙaramar sakandare ana koyar da shi a dunƙule, in an shiga babbar sakandare sai ya rabu gida uku, akwai na abinci da gina jiki, akwai na tafiyar da gida, akwai kuma na tufafi da ɗinki.

Abin da ke damuna shi ne, sai ka ga yarinya 'yar shekara sha shida, ita ke tuƙa tuwon gidansu na mutum goma sha, ta iya miyar kuka ta iya taushe, ta iya dama fura, ta iya awara har tana sayarwa, amma takarda ta fito an ce ta samu D7 ko F9 a darasin abinci. Uwa ta riƙe baki, uba ya ce ai dama wasa take yi a makaranta. Ni kuwa na ce a dakata, kafin a ɗora wa yarinyar nan laifi a fara duba yadda jarrabawar take da kuma yadda aka shirya ta.

Jarrabawar nan ba girki kaɗai ba ce. Akwai takardar zaɓi ka cike, akwai ta dogon rubutu, duka da Turanci, sannan a zo kan firaktikal. Shi ma firaktikal ɗin ba wai ki shiga kicin ki ɗora tukunya ba ne kawai, tun kafin ranar girkin ake ba ɗalibi tambaya, misali a ce ka shirya abinci ga mai ciki, ko ga yaron da aka yaye, ko ga mara lafiyar da ke farfaɗowa, sai ka zauna ka rubuta abin da ka zaɓa ka dafa da dalilinka, ka jera kayan haɗi da adadinsu, ka tsara lokaci daki-daki, me za ka fara me zai biyo baya. Ranar girkin kuma mai jarrabawa daga waje zai zo ya tsaya a kanka, yana duba tsafta, yana duba yadda ka riƙe wuƙa, yadda ka wanke ganye, ko ka bi tsarin da ka rubuta da hannunka, har yadda ka jera abincin a tebur duk maki ne. To yarinyar da a gida da ido take auna gari, ba ta taɓa ganin sikeli ko kofin awo ba, ba ta taɓa kunna oben ba, ta san zogale na da amfani amma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata wane sinadari ne a ciki kuma yaya ake rubuta sunansa, ta ina za ta ci wannan maki?

A makarantun gwamnati da yawa, ɗakin da aka ware wa darasin nan ko dai an mayar da shi aji saboda cunkoso ko kuma ya zama sito, kekunan ɗinki na ciki sun yi tsatsa ba mai gyara, ba ruwa ba gas ba wuta. Malama tana tsaye gaban allo tana zana tukunya da alli, tana karanta wa yara yadda ake haɗa kek, su kuma suna kwafa. Shekara uku a haka. Sai jarrabawa ta matso a fara guje-guje, a ari risho a gidan wance, a ari faranti da cokula a gidan wane, a ce kowace yarinya ta kawo kuɗin kayan firaktikal. Kuma kun san yadda kasuwa take yanzu, kun san nawa ake sayar da kwalbar mai da mudun fulawa da ƙwai, uban da da ƙyar ya haɗa kuɗin rajista shi za a sake cewa ya kawo na kaza. Wasu yaran saboda wannan kaɗai suke gudun darasin tun daga aji huɗu, ba don ba sa so ba.

Mu ma iyaye da malamai akwai namu. Mun ɗauki darasin nan na waɗanda suka kasa kimiyya ne, in yarinya ba ta ja a Kemistiri sai a ce tura ta can wajen masu girki, ita ma sai ta shiga da karyayyar zuciya. Alhali wanda ya san darasin ya san kimiyya ce zalla a ciki, narkewar abinci a ciki, yadda ƙwayoyin cuta ke lalata dafaffen abinci, dalilin da ya sa ba a son a dafa alayyafo har ya mutu, lissafin kuɗin cefane na wata. Maza kuwa ko kusa ba sa zuwa, wai abin kunya ne, bayan in ka zagaya Kano ko Zariya ko Sakkwato teloli maza ne suka fi yawa, masu shayi maza, masu tsire da balangu maza, masu gidan burodi maza, kukun manyan otal-otal ma haka. Sana'ar da za ta ci da shi gobe ita yaro ke jin nauyin koyo a aji.

Kuma tun 1982 da aka fara tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, manufar kenan, yaro ya fita sakandare da abin yi a hannunsa. Muna da wuraren da ke horar da malaman darasin, akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai kwalejojin ilimi na tarayya da na jihohi, ana yaye su duk shekara, da yawansu suna gida zaune ba a ɗauke su aiki ba, makarantu kuma sai a ɗauko malamin wani darasi daban a ce ya riƙe.

Abin da ya sa nake jin zafin maganar nan, ku duba ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018, kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi. Talauci na ciki, ba mai musu, amma akwai gidajen da gyaɗa da waken suya da gero da zogale duk suna nan, sai dai uwa ba ta san yadda za ta haɗa wa yaron da ta yaye kunu mai gina jiki ba, koko tsura ake ɗura masa safe da yamma har tamowa ta kama shi. Wannan ilimin yana cikin darasin da muke wasa da shi ɗin nan, kuma 'yan matan da ke aji shida yau, nan da 'yan shekaru kaɗan su ne masu goyo.

Don haka ina kira ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu, in za ku duba sakamakon bana ku ware darasin nan ku duba shi makaranta-makaranta, ku ga ina aka faɗi a rubutu ina aka faɗi a firaktikal. Jihohin da ke biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa, don Allah a saka kuɗin kayan firaktikal a ciki, a kuma sake shi kan lokaci. Shugabannin makarantu ku buɗe ɗakunan nan, ko murhun gawayi biyu da keken ɗinki uku ne a fara da su, yara su riƙa dafawa suna ɗinkawa ko sau biyu ne a wata tun daga aji huɗu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai masu tara kuɗi a yi fenti a gyara get, ga inda kuɗinku zai yi aiki. Ku kuma iyaye, in an kira taron iyaye da malamai a zangon nan, ku nemi a buɗe muku ɗakin girkin ku shiga ku gani da idonku, ku tambayi shugaban makaranta yaushe rabon da a kunna wuta a cikinsa.

Wassalamu alaikum.