Sabar Suna: Wa Ke Nuna Hanyar Shafinka?

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla.

Ɗazu a bakin ƙofa wani ƙanena ya tare ni, ya ce ya sauya kamfanin da ke ajiye masa shafin intanet, shafin ya buɗe lafiya lau, amma imel ya ɗauke ɗif. Da maganarsa zan fara.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani, wato adireshin IP. A da, sunayen duka a fayil guda suke, HOSTS.TXT, wanda cibiyar SRI ta Kalifoniya ke kula da shi, kowa ya sauke kwafinsa. Da kwamfutoci suka yi yawa sai abin ya gagara. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, wato tsarin da ke juya suna zuwa lamba, aka rarraba aikin.

Ku ɗauka baƙo ne ya shigo kasuwa yana cigiyar wani shago. Ya tambayi sarkin kasuwa. Shi bai san shagon ba, amma ya san shugaban layin. Haka sabobin tushe suke, wato kwamfutocin da ake fara tambaya, masu sunaye 13, daga A zuwa M. In sunanka ya ƙare da .ng, sai su tura mai tambaya wurin sabobin .ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ta Najeriya ke kula da su. Su ma ba su da lambarka. Abin da suka sani shi ne wace sabar suna ka rubuta a wurin wanda ya sayar maka da sunan. Sabar sunan nan ita ce kwamfutar da ke riƙe da kundin bayanan sunanka.

To, a nan mutane ke faɗawa rami. Kundin nan ba layi ɗaya ba ne. Akwai layin A mai nuna inda shafi yake, akwai MX mai nuna inda wasiƙu za su sauka. Ranar da ka sauya sabar suna, tsohon kundi ka ajiye gaba ɗaya, ka buɗe sabo. Abin da ba ka kwafo ba, ya tafi.

Sai a ce maka ka jira awa 48, wai labari na yaɗuwa. Ni ban son wannan bayanin. Ba abin da ke yaɗuwa. Sabobin da suka taɓa tambaya ne ke riƙe tsohuwar amsa har wa'adinta, TTL, ya cika. In an sa 86400, daƙiƙoƙi ne, kwana guda cur. Ku rage na layukanku zuwa 300 tun kwana biyu kafin ƙaura.

Manya ma ba su tsira ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace kusan awa shida, bayan hanyar zuwa sabobin sunansu ta yanke.

Kai ƙanena, ina kake? Kada ka tafi. In an tashi kawo kwamfutarka, mu leƙa MX ɗin nan tare.