Masu kwana a hamadar Nebada suna kallon sama

Assalamu alaikum jama'a. To, yau maganarmu akan wasu mutane ne a Amurka da suke barin gidajensu su tafi hamadar jihar Nebada da tabarau mai hangen nesa da kyamara da ɗan ruwan sha a gora, su kwana cikin sanyi suna kallon sama kusa da wani sansanin soja da ake kira Area 51, da fatan za su ga UFO, wato abin da ke shawagi a sama ba a san ko mene ne ba. Ni dai tun farko bari in faɗa, ban ɗauke su mahaukata ba. Suna ganin abu kam, tambayar ita ce me suke gani.

Wannan sansanin an kafa shi a 1955 a bakin wani busasshen tafki, Groom Lake, domin hukumar leƙen asiri ta CIA da kamfanin Lockheed su gwada jirgin leƙen asiri U-2. To ku lura da nan sosai, don nan ne zancen yake. A lokacin yawancin jiragen fasinja ba sa wuce ƙafa 20,000 a sama, shi kuwa U-2 yana haura ƙafa 60,000, kuma fukafukansa farin ƙarfe ne mai walƙiya, saboda haka da magariba rana ta riga ta faɗi a ƙasa, duhu ya fara, amma can sama inda yake hasken rana na bugunsa, sai matuƙin jirgin fasinja ya ɗaga kai ya ga wani abu kamar wuta a inda ya tabbata babu jirgin da zai kai. Me zai ce? Kuma gwamnati ta san mene ne amma ta yi gum. Su kansu CIA daga baya sun rubuta cewa fiye da rabin rahotannin UFO na ƙarshen shekarun 1950 da yawancin shekarun 1960 jiragensu ne, U-2 da A-12 da ya biyo bayansa. Sai a 2013 fa suka fito da takardun da suka ambaci sunan wurin ƙarara.

A 1989 wani mutum, Bob Lazar, ya fito a talabijin a Las Vegas ya ce ya yi aiki kan jiragen halittun wata duniya kusa da wurin. Ba a samu hujjar da ta tabbatar ba, amma daga nan mutane suka yi ta kwararowa. Har jihar ta sa wa babbar hanya mai lamba 375 suna hanyar halittun sama a 1996, ga kuma ɗan ƙauyen Rachel da mutanensa ba su kai ɗari ba, ya zama zangon masu kallo. A 2019 kuwa da mutum sama da miliyan 2 suka yi alkawari a Facebook za su afka sansanin, waɗanda suka isa ƙofa ko ƴan ɗaruruwa ma ba su cika ba, aka watse.

Waɗanda suka fi burge ni su ne masu naci, masu rubuta lokaci da alkiblar kowane haske a littafi, sun san hasken da jiragen yaƙi ke saki lokacin atisaye, sun san farin jirgin nan mai jan layi da ke kwaso ma'aikata daga Las Vegas kullum, ba sa ruɗewa da su. Masu gadi cikin farar mota suna bisa tudu suna kallonsu, ga allunan gargaɗi, wanda ya tsallake iyaka kamu ne da tara. A 1995 soja suka rufe tuddai biyu da aka fi hango sansanin daga kansu, yanzu sai mutum ya hau dutsen Tikaboo, wajen kilomita 40 daga sansanin, hawa mai wuya, da asuba kafin ƙura da zafi su dusashe hangen. Kuma har gobe ana hawa.