Jan-baki da kacala a fadamar Haɗeja

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai leƙa fadamar Haɗeja da Nguru, inda da zarar shinkafa ta fara ƙosawa manoma ke kai kuka ga hukuma a turo jirgin feshi saboda jan-baki. Suna da gaskiya su yi kuka. Duk wanda ya ga yara a kan rumfar gona tun asuba, suna jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, suna ihu har murya ta dushe, karatu kuma an jingine shi sai bayan girbi, ya san ɓarnar wannan ɗan tsuntsu. Kowane ɗaya yana cin tsabar da ta kai kimanin giram 10 a rana, wato tarin miliyan 2 zai lashe tan 20 kafin magariba.

To amma me ya sa feshin da ake yi shekara da shekaru bai rage su ba?

An kiyasta cewa jan-baki ya kai biliyan 1.5 a Afirka. Macen takan yi ƙwai kamar uku, ta ƙyanƙyashe cikin kwana goma da 'yan kai, bayan mako biyu 'ya'yan sun tashi, iyayen kuma su bi damina zuwa wani yanki su sake sheƙa. Abin da ke taka musu birki shi ne yunwa. Asalin abincinsu tsabar ciyawar daji ce, kuma idan ruwan farko ya sauka tsabar ta tsiro, sai abinci ya yanke, da yawa su mutu, saura su yi ƙaura. Wani masani, Peter Ward, ya yi nazarin haka a arewa maso gabashin Najeriya tun shekarun 1960. Saboda haka idan jirgi ya kashe miliyan guda, akasari waɗanda yunwa za ta ɗauke ne ya riga ta ɗauka, ya bar wa sauran abinci wadatacce. Yawan kowace halitta yana bin abincin da ta samu ne da mafakar da ta samu.

Mafakar kuwa mu muka samar musu. Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya takan cika fadamar da damina, ta janye da rani ƙasa ta bushe. Yanzu ana sakin ruwa kusan duk shekara, ya kwanta ba zurfi, laka ta taru, abin da kacala, wata doguwar ciyawar ruwa, ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta rage ruwan da ke gangarawa Gashuwa. Cikin wannan duhuwar jan-baki ke kwana, da safe ya faɗa shinkafar rani da ke gefensa.

Maganin feshin ma, wato fenthion, ba ya zaɓe. Shaho da shirwar da suka ci mushen su ma mutuwa suke yi, gubar kuma tana sauka a ruwan da masunta da makiyaya ke amfani da shi. A Chadi kuwa masu tarko na kama jan-baki da raga da dare, su sayar a kasuwannin Njamena a ci.

A ganinmu, kuɗin da ake zubawa a hayar jirgi ya fi dacewa da yashe hanyoyin ruwa da sare kacala. Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tsara sakin ruwa yadda fadamar za ta riƙa bushewa na wani lokaci kowace shekara. Malaman gona kuma su haɗa kan manoman kowane yanki su yi shuka tare su girbe tare, domin gonar da ta nuna ita kaɗai, a kanta duk tarin yake sauka.