Yadda ake bin sawun kakan da ya bar Norwe zuwa Amurka

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. A ce an miƙo muku tsohon hoto, a bayansa an rubuta "Ole Hansen, daga Norwe", aka ce ku nemo asalin mutumin nan. To sai ku gyara zama, domin masu wannan suna a Norwe ta wancan zamani ba sa ƙirguwa.

Tsakanin 1825 da 1925, 'yan Norwe wajen 800,000 suka tsallaka teku zuwa Arewacin Amurka. In aka auna da yawan jama'ar ƙasa, Ireland ce kaɗai ta fi su kwashewa. Ayarin farko ya tashi daga Stavanger a watan Yulin 1825 cikin wani ɗan ƙaramin jirgi mai suna Restauration. Su 52 suka shiga, su 53 suka sauka a New York cikin Oktoba, don an haifi jaririya a hanya. Abin da ya kori yawancin waɗannan mutum 800,000 gona ce. Babban ɗa ke gadon gonar gida, ƙanne su nemi ta kansu. Ga Amurka kuma, a 1862 ta fara ba da eka 160 ga wanda zai zauna ya noma. Shi ya sa suka cika Wisconsin, Minnesota, Iowa da Dakota.

Mu koma ga Ole. Sunan ɗan ƙauyen Norwe kashi uku ne: na yanka, na uba, sai na gonar da yake zaune. Ole ɗan Hans shi ne Ole Hansen, ƙanwarsa kuwa Hansdatter, wato 'yar Hans. In suna zaune a gonar Haugen, shi ne Ole Hansen Haugen. Mu Hausawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda ga Aminu Kano ga Shehu Shagari, duk sunan gari ne. Bambancin shi ne, su in mutum ya tashi daga Haugen ya koma gonar Bakken, sunan ma ya tashi da shi, ya zama Ole Bakken. Sai a 1923 doka ta tilasta wa kowane iyali tsayayyen suna guda. Da suka isa Amurka kuma, wani ya riƙe Hansen, wansa ya ɗauki sunan gona, ƙaninsu ya gyara rubutun yadda bakin Ba'amurke zai iya faɗa. Uwa ɗaya uba ɗaya, suna uku.

Don haka kada ku fara da Norwe. Ku fara da inda mutumin ya rasu. Abin da kuke farauta ɗaya ne, sunan gundumar cocin da aka haife shi. Ƙidayar Amurka ta 1900 ta tambayi shekarar da baƙo ya shigo ƙasar. Takardun zama ɗan ƙasa daga 1906 suna nuna garin haihuwa. Sai sanarwar rasuwa a jaridun da suke bugawa da harshensu, irin su Decorah-Posten, da littattafan cocinsu na Lutheran, inda fasto kan rubuta daga wace gunduma mamaci ya fito. Kada ku raina akwatin katakon da ya zo da shi, sau da yawa akwai sunan gona da shekara an zana a jiki.

Kun samu gunduma? Yanzu aiki ya yi daɗi. Hukumar adana tarihi ta Norwe tana da shafin intanet mai suna Digitalarkivet, kyauta ne. A nan littattafan coci suke, hoton shafi bayan shafi. Fasto ne magatakardan gwamnati a lokacin, shi ke rubuta baftisma, aure da jana'iza. Ku duba layin baftisma da kyau: ranar haihuwa, sunan uba da uwa, gonarsu, sannan shaidun baftisma. Waɗannan shaidu galibi kawunnai ne da gwaggonni da maƙwabta, su za su raba muku Ole ɗinku da wani Ole da aka haifa shekara ɗaya a gona ta gaba. Daga 1812 an umarci a riƙa ajiye kwafi biyu, saboda haka in na fasto ya ƙone ko rubutun ya dushe, ku nemi na mataimakinsa. Akwai kuma jerin waɗanda suka bar gunduma, inda za ku ga an rubuta "Amerika" a gaban suna. Gaskiya rubutun yana da wahala, tsohon salon Gotik ne, harshen kuma ya fi kusa da na Denmark. Ido kan saba.

Daga 1867, 'yan sandan tashoshin jiragen ruwa a Trondheim da Kristiania, wato Oslo ta yau, suka fara rajistar masu fita: suna, shekaru, inda suka fito, inda suka nufa. Na Stavanger gobara ta cinye. Kuma jirgin da aka rubuta a rajistar ba lallai shi ya kai su Amurka ba. Da yawa Hull ta Ingila suka sauka, suka hau jirgin ƙasa zuwa Liverpool, daga can suka shiga babban jirgi. Waɗanda suka tafi a shekarun 1850 kuwa, ku neme su ta Quebec a Kanada.

Ƙidayar 1801, 1865, 1875 da 1900 za ta nuna muku gidan gaba ɗaya, har da barori. Sannan ga bygdebok, littafin tarihin ƙauye da ke bin kowace gona da waɗanda suka zauna cikinta. Yana rage wahala ƙwarai, amma mutane ne suka haɗa shi daga baya, kuma wasu sukan tsallake talakawan da ke zaman haya a gefen gona, alhali da yawa cikin masu hijirar daga cikinsu suka fito. Duk kwanan watan da kuka ɗauko a ciki, ku koma littafin coci ku gan shi da idonku kafin ku sa a bishiyar zuriya.