Shago a Gaba, Maƙera a Baya

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, da ku ƙannena da ke zaune a baya, barkanmu da war haka. An nemi in yi magana kan shagon kayan ado na haɗin gwiwa, wato irin wurin da maƙera da yawa ke tara ƙarfinsu, suna ƙira a ɗakin baya, suna sayarwa a ɗakin gaba, suna kuma koyar da duk mai sha'awa.

Bari in fara da wani kamfani a Birmingham ta ƙasar Ingila, Smith and Pepper. Sun shekara sama da 80 suna ƙera awarwaro da sauran kayan zinariya. A 1981 masu shi suka rufe ƙofa suka tafi, suka bar kayan aiki a kan tebura, rigunan aiki rataye a jikin bango. Daga baya aka mayar da wurin gidan tarihi. Madalla da hakan, an kyauta. Sai dai gidan tarihi guduma yake iya ajiyewa, da magagari da awartaki. Sanin da ke hannun mai riƙe su, in ya rasu bai koya wa kowa ba, da shi ake binnewa.

Me nake nufi da sanin hannu? Azurfa zalla ta yi taushi da yawa, shi ya sa ake surka ta da jan ƙarfe, kashi 925 azurfa, kashi 75 jan ƙarfe cikin 1000. Wannan kowa zai iya karantawa a littafi. Haka nan an rubuta cewa azurfa tana narkewa a wajen digiri 962. To amma ka ɗauki guduma ka yi ta bugun ta a kan uwar maƙera. Tana faɗi, tana ƙara tauri, har ta kai inda bugu ɗaya zai tsaga ta. Dole ka tsaya ka mayar da ita wuta ta yi laushi. Yaushe za ka tsaya? Maƙeri a kunnensa yake ji, ƙarar bugun takan sauya. Yaushe za ka janye wutar? A ido yake gani, sa'ad da ƙarfen ya yi wani ja mai duhu-duhu, shi ya sa wasu ke rage hasken ɗaki. Ka ƙara ɗan lokaci kaɗan, aikin kwana uku ya dunƙule ya zama ƙwallo. Ni da kaina na narkar da zoben farko da na yi. Maigidana bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Yaro, yanzu ka ga launin da ake gudu." Wallahi har yau ban manta launin nan ba.

Haka zubi yake. A sassaƙa siffa da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun. Da wannan dabara aka yi kayan tagullar Igbo-Ukwu, wani gari a kudu maso gabashin Najeriya, tun wajen ƙarni na 9. Kowane zubi guda ɗaya ne tak, don an fasa mazubinsa.

To me ke kashe sana'ar? Ba wai mutane sun daina son ado ba ne. Inji yana fitar da sarƙa dubu kafin maƙeri ya gama ɗaya, kuma kayan aiki sun fi ƙarfin mai farawa: injin murza ƙarfe, farantin jan waya, wutar walda, ma'aunin awo, ga kuɗin ƙarfen kansa. Yaro mai basira yakan duba lissafin ya haƙura. A nan haɗin gwiwa ke da rana. Injin murza guda ɗaya ya ishi mutum goma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi injin ma muhimmanci shi ne tsoho da yaro su zauna a tebur ɗaya, yaron yana satar kallo.

Ku lura da teburin ma. A ƙarƙashinsa akan ɗaura fata ko a sa tire, don tare garin da magagari ke zubarwa. Ana tara shi a sake narkarwa. Duk wanda ya koyi share garin azurfa da ɗan burushi kafin ya tashi, ya koyi rabin amanar sana'ar.

Shi kuwa shagon gaba, kada kowa ya raina shi. A 2014 UNESCO ta sa ƙirar tagulla da jan ƙarfe ta mutanen Thathera na Jandiala Guru a Indiya cikin jerin al'adun gado na duniya. Girmamawa ce babba, amma mai saye ne ke sa maƙeri ya hura wuta gobe. In mai saye ya leƙa ta ƙofa ya ga yadda ake jan waya ta ramukan faranti, rami bayan rami, har ta yi siririya kamar zare, ba zai ƙara tambayar dalilin tsadar ba. Ga gyara kuma. Mace ta kawo zoben kakarta da ya tsinke, a gyara mata, ta tafi tana hawayen murna. Inji ba ya wannan aiki.

Sharaɗi ɗaya nake dagewa a kai, gaskiyar awo. Tun 1300 Ingila ta yi dokar gwada azurfa a buga mata hatimi kafin a sayar. Shagon mutum goma suna ɗaya gare shi, in ɗaya ya yi algus duka ya shafa. Don haka a rubuta nauyi da ingancin kowane kaya, kowane maƙeri kuma ya buga alamarsa.

Yanzu ga guntayen azurfa biyu na zo da su. Ɗaya na buge shi ban mayar da shi wuta ba, ɗayan na mayar. Baba, a fara daga wajenku. A lanƙwasa kowanne da yatsa, sannan a miƙa wa na kusa.