Amsoshin tambayoyinku: Banfora, garin rake da dorina

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Tun da muka ambaci Banfora a shirin makon jiya saƙonni suke ta shigowa, ga lokaci ƙanƙane, don haka ba za mu tsaya doguwar gaisuwa ba. Tare da ni akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota da ya daɗe yana bin wannan hanya. Baba, sannu da zuwa.

Baba: Yawwa ɗana, sannunmu dai.

Mai gabatarwa: Wani daga Maraɗi yana tambaya, wai ina Banfora take? Tana kudu maso yammacin Burkina Faso, kimanin kilomita 85 daga Bobo Diyulaso, a kan hanyar Kodebuwa. Wata daga Gusau kuma ta ce wane kuɗi ake kashewa, wane yare ake ji? Sefa ce, Hajiya, irin ta Nijar. A kasuwa Jula ake yi, a ofis Faransanci. Kada kuma ki baro katin rigakafin shawara a gida.

Sai wannan daga Maƙarfi. Ya ce, "Me zai kai ni wata ƙasa kallon rake, alhali ga shi a bayan gidana?" Kai mutumin Maƙarfi! Mun san ku da rake da mazarƙwaila, babu mai ƙwace muku kambun. Baba, me za ka ce masa?

Baba: To ai raken can ba na sha ba ne, na kamfani ne. Masana'antar tana Beregadugu, kafin ka shiga gari in ka fito daga Bobo. Da rani ake sara. Sai ka ga hayaƙi ya tashi an ƙone ganyen, kashegari masu adda sun shiga, duk jikinsu baƙi ƙirin. Mu kuwa muna layi muna jiran lodi. Akwai wata mata mai tuwo a bakin hanya, miyarta ta kuɓewa, wallahi har yau ban ci irinta ba. Ga mangwaro kuma, sai ka ci ka bari...

Mai gabatarwa: Baba ya tafi wajen tuwo! Bari in ƙarasa masa. Kamfanin shi ne SN SOSUCO, gonakinsa dubban kadada ne, da ban ruwa ake nomansu. Ta cikinsu za ka ratsa zuwa Karfigela, kimanin kilomita 12 daga gari. Kana fita daga raken sai ka shiga inuwar tsofaffin itatuwan mangwaro, ka hau dutse da ƙafa, sai ga kogin Komowe yana gangarowa hawa-hawa kamar matakalar bene, kowane hawa da ɗan kududdufinsa. Gaba kaɗan ga duwatsun Fabedugu, masu kai a dunƙule, ruwa da iska suka sassaƙa su. Ni a ganina wannan kaɗai ya biya kuɗin mota. Amma in ja kunne: raken nan yana da mai shi. Kada ka ga babu kowa ka karya.

To ga tambayar da ta fi yawa. Daga Yamai, daga Birnin Ƙonni, daga Kano, daga Zangon Kumasi, duk magana ɗaya: hanyar tana da lafiya kuwa, kuma yaushe ya kamata a je?

Ku saurara da kyau. Burkina Faso ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga. Hanyar da 'yan Nijar suka saba bi, ta Kancari da Fada Ngurma, tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Kudancin yankin Banfora ma, wajen iyakar Kodebuwa, an sha kai hare-hare. Saboda haka kada wani ya ce rediyo ta ce masa ya ɗauki jaka ya kama hanya. Ban ce ba. Ka tambayi direbobin da suka dawo a makon da za ka tashi, ba wanda ya je bara ba. Ka bi motar kamfani da aka sani. Kada ka yi tafiyar dare. In ka isa, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, in ya ce yau ba a bin wuri kaza, ka haƙura. Zan maimaita saboda wanda ya kunna yanzu: labarin wannan makon, motar da aka sani, tafiyar rana, ɗan jagora na gari. Baba, na yi daidai?

Baba: Ka yi daidai. Mu a zamaninmu ma ba ka wuce tasha ba ka tambaya ba. Yaran yanzu waya suke tambaya. Waya ta san inda aka tare hanya jiya?

Mai gabatarwa: Maganar lokaci kuwa, ƙarshen damina zuwa farkon sanyi, wajen Oktoba zuwa Disamba. Ruwa na nan da ƙarfinsa, hanyar ƙasa ta bushe. Da tsakiyar damina duwatsun suna da santsi, masu tsayawa a baki-baki don ɗaukar hoto, don Allah ku bari.

Wata uwa daga Damagaram ta ce tana so ta kai yara su ga dorina. A tafkin Tengirela suke, kimanin kilomita 7 yamma da gari, da sassafe ake shiga kwalekwale. Mutanen wurin suna girmama su, ba sa farautarsu. Amma Hajiya, dorina dorina ce, mai ɗa kuma ba ta da wasa. Ni da ƙananan yara a bakin gaɓa zan tsaya. In manya za su shiga, kada a cika jirgin, kada kuma a matsa wa mai tuƙi ya ƙara kusa.

Na ƙarshe, daga Garwa: ana iya haɗa duwatsun Sindu a rana guda? Kusan kilomita 50 ne, malam, ka ware musu yininsu. Injiniya na ɗago min hannu. Baba, mun gode ƙwarai. Sauran saƙonnin sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.